Kofi Guda

A Damagaram, cikin bazara,
duwatsun Birni kan riƙe rana har bayan lisha.
Ɗora musu tafi, su faɗa maka abin da suka wuni sha.
Haka kwamfutar Tanimun mai hoto take:
da an kira azahar sai ta ɗauke numfashi,
hoton suna rabi a allo, rabi ya tafi,
fankarta na kuka kamar akuya a hannun mahauci,
tana hura zafi a kan zafi.

A bayan kabu-kabu ya kawo min ita, naɗe cikin zane.
Na buɗe.
Ƙwaƙwalwar duka ba ta wuce farcen babban yatsa ba,
amma da na taɓa, sai da na tsotsi yatsa.

Na yi cinikin guntun jan ƙarfe a Kasuwar Dole,
kwana uku ina cin sa da zarto da magagari,
ina tsaga masa kunyoyi siri-siri
kamar mai gyaran fadama a Mirya,
na goge fuskarsa har na hangi giɓina a ciki.
Sai ɗan mai, launin toka, ƙwayar gero guda, ba a ƙarawa,
ya cike ramukan da ido bai san da su ba,
don iskar da ta maƙale tsakanin ƙarfe biyu
muguwar ƴar aike ce, ba ta isar da saƙo.

Radiyata kuwa daga gawar wata mota na ciro
a garejin Kyari,
haƙarƙarinta na goran-ruwa duk sun lanƙwashe,
na bi su ɗaya-ɗaya da tsinke.
Tiyo biyu. Famfo ƙarami, kamar kwalin ashana.
Ban zuba na rijiya ba, yakan bar kanwa a hanya,
na batir na saya, wanda aka tace har ya manta da ƙasa.

Ina cikin ɗurawa Inna Cima ta shigo da fura.
Ta tsaya, ta dubi kwalba, ta dube ni.
"A garin da pampo ke zuwa ƙarfe ukun dare,
in ya ga dama,
a garin da ake yi wa mai garuwa magiya,
kai ƙarfe kake shayarwa?"

Na ce, Inna, kofi guda ne, kuma ba sha take ba.
Zuwa yake ya ɗauko zafi daga goshinta,
ya kai wa haƙarƙarin can, iska ta karɓe,
ya dawo hannu sake, ya sake ɗauka.

Ba ta ce komai ba sai da ta dama furar.
"Shekarar da ƙyanda ta kama ka, haka na kwana.
Tsumma, ƙwarya, goshinka.
Tsumma, ƙwarya.
Da asuba kai ka yi sanyi,
ruwan ƙwaryar ne ya yi ɗumi."

Daren nan ban runtsa ba.
Na shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace gaɓa,
don ɗigo ɗaya ya isa
ya mai da jarin Tanimun abin tokare ƙofa.
Wani ɗan kumfa ya yi ta kai da kawowa cikin tiyo
kamar baƙon da ya rasa masauki,
na karkata akwatin, na lallashe shi ya fita.
Lambar da ke allo ta sauko daga casa'in da biyar,
tana tafe tana hutawa,
ta zauna a hamsin da biyu.
Takarda a bushe.

Na kai hannu bayan radiyata.
Ga shi nan, bai mutu ba, ƙaura kawai ya yi,
yana fita a hankali yana shiga shagona,
yana neman wuyan rigata.

Da safe, kafin Tanimun ya iso,
na leƙa wurin Inna, tana tsince zogale.
Na ce, ruwan ƙwaryar nan, ya kika yi da shi?
Ba ta ɗago kai ba.
"Gindin lallen can na zuba wa.
Ba a zubar da ruwa a garin nan,
ko da zazzaɓi a cikinsa."